'Yan Jims da 'Yan Kabris

Bakri, ɗan Sudan mai gyaran rediyon mota a unguwar Al-Azizya, ko kalmar Turanci ɗaya ba ya ji, amma kada ka taɓa masa kiɗan rok na Amurka. Tsofaffin kaset yake tsinta a motocin da ake kawo masa, kuma tunda rubutunsu ya goge, sunan motar yake laƙaba wa makaɗan.

A wurinsa 'Yan Jims, waɗanda ya tsinci kaset ɗinsu a mota ƙirar Jims, su ne na ɗaya. Amininsa Sharfaddeen, tela daga Chadi, ya kafe kan 'Yan Kabris, na mota ƙirar Kabris. Burin Bakri guda ne, ya ji mutumin nan ya sallama da bakinsa.

"Saurari jita, ya shehu! Kamar za ta yi magana!" in ji Bakri.

"Wace jita? Naka hayaniyar maƙera ce. Nawa su ne masu murya!"

Ran nan Huda, 'yar Bakri, ta biyo daga wurin aiki ta tarar ana yi. Ta kara wayarta jikin lasifika don wayar ta gano makaɗan, aka sa wannan kaset, aka sa wancan. Sai ta tuntsure da dariya, ta faɗa musu da Larabci cewa ƙungiya ɗaya ce.

Bakri ya daka tsalle har hularsa ta faɗi. "Na ci! Shekara da shekaru ashe mutanena kake yabo!"

"Ko kai kake yabon nawa ba." Sharfaddeen ya sosa ƙeya. "To, khalas, shi ke nan, su ne na ɗaya."

"Maimaita da ƙarfi, maƙwabta ba su ji ba!"