Injiniyar da Ba Ta Riƙe Sifana

"To ina sifanarki, injiniya?" Haka mai injin casar shinkafa a Bungudu ya tambayi ƙanwata Hafsatu jiya, leburori suna ta dariya.

Malaminsu na jami'a ne ya turo su nazarin tsarin aiki a masana'anta, ni na raka ta. Ta ce, "Alhaji, da za a matso da sikeli bakin ƙofa, manoma ba za su wuni a layi ba."

Ya ce, "Layin ma sai an karanto shi a jami'a?"

Ni a sakandare na tsaya, wataƙila ban gane ba, amma raina ya ɓaci. Yau da safe ta ce min za ta canza kwas.

Jama'a, shawarar ce ba ta yi ba, ko bakin da ya faɗe ta aka raina?