Golmon Saje Dominic a Ofishin Izinin Gini

Saje Dominic tsohon soja ne, amma tun kafin ya sa kaki ya iya jira. A zamanin samartakarsu, saurayin Dakarkari ba ya samun mata sai ya yi golmo, wato noma a gonar surukai. Shi damina bakwai ya sunkuya kafin a ba shi Theresa. Tun daga nan ya ɗauka duk abin da ke hannun manya da fartanya ake karɓo shi.

Da ya yi ritaya ya sayi fili a Zuru, don ɗakin hayarsu yoyo yake, Theresa kuwa ta rantse ba za ta mutu tana tarar ruwa da kwano a kan gado ba. Maƙwabcinsa Obiora, mai kantin fenti, ya ce ya gina abinsa kawai, wa zai tambaya? Saje ya ƙi, wai soja ba ya motsi sai da oda. Ya kai zanen gida ofishin izinin gini, aka ce ya dawo mako mai zuwa.

Makonni suka yi ta zuwa, izini shiru. Yau oga ya tafi Birnin Kebbi, gobe hatimi na aljihun wanda ya je biki Ribah. Wata rana Saje na kan benci ya ga ciyawa ta cinye harabar ofis, sai ya gane: ashe golmo suke so, nauyin baki ne ya hana su faɗi. Washegari ya zo da fartanya, ya nome, ya shuka gyaɗa da kuɓewa.

Damina uku ana haka. Oga Francis, mai sa hannu, har kumatu ya yi. Kullum yana ɓare gyaɗa yana tabbatar wa Saje, wanda suke kira Baba, cewa takarda ta kusa.

Ran da Theresa ta kai wa mijinta abinci ofis, ta ji masinja na addu'a kada a sallami Baba sai gyaɗar bana ta nuna. Da suka koma gida ta ɓoye fartanyar.

"Baban Divine," in ji ta ga mijinta, "ubana ma da ya ga nomanka sai da ya so ya ƙara maka damina biyu. Uwata ce ta hana."

Tun daga ranar Saje bai sake leƙa ofis ba.

Kafin Agusta ya ƙare ciyawa ta kai taga, an kashe maciji a ƙarƙashin teburin oga. Sai ga Francis a kan babur da izini, hatimin ko bushewa bai yi ba, yana tambaya ko jikin Baba ne ya hana shi leƙowa. Saje har ya fara waige-waigen hularsa. Theresa ta karɓe takardar ta soke a zani.

"Lafiyarsa lau, ɗana. Yana da aiki."

Da kaka aka haƙa tushe. Ta tare tun ba a sa ƙofa ba.