Tawadar da Ta Tona Rijiyata

Wallahi labarin da zan ba ku da ni ya faru, a shekarun alif ɗari tara da tamanin, lokacin ina aiki a wani ɗan ƙaramin asibiti a Illela. Ni dai malamin asibiti ne, amma kowa likita yake ce mini, ni kuma girman kai ya shige ni, ba na jin maganar kowa.

Sai 'yata Hauwa'u, mai shekara huɗu, ta kwanta, amai da rawar hannu, kullum ramewa take, na yi allura na ba da ƙwaya har na rasa abin yi, tsoro ya kama ni sosai. Surukata, wadda muke kira Inna, ta tafi Kalmalo wurin wani tsohon malami, ta dawo da allo biyu da aka rubuta da tawadar ƙonannen gero da ƙaro.

"Likita," in ji ta, "malam ya ce a wanke guda da ruwan rijiyar gidanga, guda da na rijiyar masallaci. Ka haska su da abin aikinka. Wanda yaƙ ƙi haske, kada ɗiyar ta sha."

Na ce, "Inna, rubutu kuma da haske?" Ta harare ni, na karɓi allunan.

To, muna da wata fitila mai shuɗin haske da muke duba cutar makero da ita a kan yara. Da azahar na wanke allunan kamar yadda aka ce, na shiga ɗakin ajiyar magani da ruwan rubutun a kofi biyu, don dai in fita hakkin Inna, na rufe taga, na kunna. Subhanallahi! Na ruwan masallaci sai ga shi yana wani irin haske daga cikinsa, shuɗi garau, kamar an narkar da shuni an sa masa wuta. Na rijiyarmu kuwa baƙi ƙirin. Na ɗiga ruwan gidanmu a mai hasken, ina kallo hasken ya mutu a hankali. Tsikar jikina ta tashi.

Washegari aka yashe rijiyar, aka fito da tsatsattsun gwangwanaye na maganin feshin iri, ashe 'yan sumoga ne suka zuba tun kafin mu kama hayar gidan. Muka canza ruwa, Hauwa'u ta tashi, yanzu haka tana da 'ya'ya biyar.

Kwanan baya wani ƙanena mai koyar da kimiyya ya ce ai an gano cewa ƙonannen abu yakan bar ƙananan ɓurɓushin gawayi masu haske, wata gubar kuma tana kashe hasken, har gwajin ruwa ake yi da su. Na ce na yarda. Amma ku ji saura.

Da na je Kalmalo godiya, sai na tarar da tsohon makaho ne, cutar agana ta cinye masa idanu tun yana goye, ƙanensa ke yi masa rubutu. Ya riƙe hannuna ya ce, "Mi kag gani?" Na kwashe duka na gaya masa. Sai ya ce, "Ashe shuɗi na. Shekara sittin ina son in samu mai gaya min."

Ban tambaye shi yadda ya san rubutun zai yi haske ba, kuma har yau in na tuna sai jikina ya yi sanyi. Jama'a, in tsoho ya ce ku duba abu, ku duba kafin ku yi dariya.