Tawul a Kan Allon Gwaggo

Gwaggo, yayar babanmu, a tagar ɗakin cin abinci na wata makaranta ta ƙarar da ƙuruciyarta. Yara Inna Mai Ludayi suke ce mata. Allah bai ba ta haihuwa ba, don haka duk wanda ya miƙo faranti nata ne. Daga yadda yaro ya riƙo tire take gane ko ya karya kumallo a gida, sai ludayin ya ƙara nauyi ba wanda ya lura. Ba abin da take tsoro a duniya kamar a raba ta da tagar nan.

Ana nan sai aka kawo na'urar karɓar kati. Allo ne mai faɗin tire, an kafa shi a kan wani ƙarfe kusa da tukunyar miya. Yaro ya ɗora katinsa, hotonsa ya fito, Gwaggo ta danna abin da ya ɗauka. Mai kafa na'urar a tsaye ya yi musu bayani, yana yi yana duba agogo.

"Akwai mai tambaya?" in ji shi.

Bakin Gwaggo cike yake da tambaya, amma ta ga 'yan matan kicin suna ta gyaɗa kai, ita ma sai ta gyaɗa nata. An daɗe ana raɗe-raɗin cewa aikin taga ya fi ƙarfin tsofaffi.

"Inna, kada ki zuba mata miya fa, ba ta ci," in ji ɗaya daga cikinsu, wadda ake kira Rediyo saboda surutu.

"Ja can, marar kunya. Na girmi kakar wanda ya ƙera ta."

Ta koyi dannawa, har hannunta ya faɗa. Abu ɗaya ne ya tsaya mata a rai. Allon a karkace yake, duk wanda ke layi yana ganinsa. Yaran da makaranta ke ciyarwa kyauta kuwa, da sun ɗora kati sai wani layi ruwan ɗorawa ya bayyana a can sama. Yara da ido! Nan da nan suka raɗa musu suna, 'yan ɗorawa. Ranar da wata yarinya ta ajiye tirenta ta fita da yunwa don an kira ta haka, Gwaggo ta cire tawul ɗin kafaɗarta, ta ninka, ta yafa wa saman allon.

Uwar Kicin, shugabarsu, ta zo wucewa ta tsaya. "Wannan fa?"

"Tururin miya ne, ranki ya daɗe, kada ya ɓata mana ita."

Har yaba mata aka yi. Tsokanar ta mutu, Gwaggo tana jin daɗi a ranta cewa ta yi wa na'ura wayo.

Sai aka kawo wata sabuwar ɗaliba, siririya mai tabarau, wadda ba ta ɗaga murya. Ranar an yi kek da niƙaƙƙiyar gyaɗa a ciki. Yarinyar ta ɗora kati, fuskarta ta fito a ƙarƙashin tawul. Gwaggo ta zaɓi yankan da ya fi kowanne kauri ta aza mata.

"Ci ki yi kumatu, 'yar nan, iska za ta ɗauke ki."

Layi bai ƙare ba aka ji faɗuwar tire da ihun yara. Leɓunan yarinyar sun kumbura sun yi suntum, numfashinta yana fita kamar usur. Ma'aikaciyar jinya ta zo a guje ta yi mata allura, aka ɗauke ta a mota zuwa asibiti. Gwaggo tana tsaye da ludayi a hannu, miya na ɗiga a kan takalminta.

Da rana ta yi sanyi Uwar Kicin ta tara su, katin yarinyar a hannunta. "Uwarta ta ce tun ranar farko ta faɗa, kuma an sa a na'ura. To me ya hana ta nunawa?"

Ta ɗora katin. Gwaggo ce ta miƙa hannu da kanta ta ɗage tawul ɗin. Ga shi nan a sama, daidai inda ruwan ɗorawa ke fitowa, jan layi ɓaro-ɓaro, an rubuta ba ta cin gyaɗa.

Washegari mai kafa na'urar ya dawo. Gwaggo ta faɗi dalilinta, idonta a ƙasa. Mutumin bai yi faɗa ba. Ya zura hannu bayan allon, ya sassauta wani ɗan noti, ya juyo da allon ciki yadda ba mai gani sai mai zuba abinci.

"Ai juyawa yake yi, Mama. Da kin tambaya."

Gwaggo ta sha faɗa mana cewa da mari ya sharara mata da ya fi mata sauƙi.

Yarinyar ta rayu. Aka mayar da Gwaggo baya, wajen wanke tukwane, aka ba Rediyo taga. A can uwar yarinyar ta same ta, hannu duk kumfa.

"'Yata ce ta matsa in zo in ce kada a kore ki," in ji matar. "Ni dai ban huce ba tukuna."

Gwaggo ta durƙusa a kan jiƙaƙƙen siminti.

Ba a kore ta ba, amma ba ta sake tsayawa a taga ba har ta ajiye aiki. Daga can bayan kicin ma takan jiyo muryoyin yaran ta bango, ta gane mai kowace murya, ta ci gaba da dirzar tukunya. Yanzu ta tsufa, tana zaune a wurinmu. Ko waya aka saya mata sai ta yi ta tambaya har mai shago ya gaji. In kuwa ɗayanmu ya shigo da baƙo, ludayinta ba ya shiga tukunya sai ta dubi fuskarsa ta ce, "Ɗan nan, akwai abin da ba ka ci?"