Tsagar Baba a takarda mara sheƙi

Kakata ta wajen uba ba ta taɓa zuwa Abidjan ba. Baba kuma ya daɗe rabonsa da gida, yana aiki a wani sito kusa da tashar jiragen ruwa ta Treichville, kowace shekara sai ya ce sai baɗi. A can ƙauye idanunta sun fara yana. Mun taɓa aika mata hotonsa na situdiyo, mai sheƙi kamar an shafa masa mai, sai saƙo ya dawo: duk inda ta juya shi hasken ƙofa take gani. Ta ce in dai ba ta ga tsagar kumatunsa ba, to ba ta ga ɗanta ba.

Baba baƙi ne ƙirin, tsagar kuwa siraran layuka ne da suka fi fatarsa duhu da kaɗan.

A lokacin ina jami'a. Ranar da babu darasi nakan zauna a shagon kawuna a Adjamé, inda ake fotokwafi da buga takardu, in raɓe a lungu da littafi. Akwai firinta mai tawada a shagon. Da na ji wani maƙwabcinmu mai fataucin goro zai tafi gida a ƙarshen mako, sai na ari kyamara, na zaunar da Baba a tsakar gidanmu a unguwar Biafra ta Treichville da farar riga da baƙar hula, na ɗauke shi. Na sayo takardar hoto mara sheƙi, wadda ba za ta mayar wa Kaka da hasken ƙofa ba.

A kwamfuta hoton ya yi kyau ƙwarai. Da ya fito a takarda, hular ta koma ruwan toka, fuskar ma haka, tsagar ta narke a ciki. Kawu ya ɗaga shi sama yana dariya.

"Kai ɗan boko, wannan mijin yayata ne ko buhun siminti?"

"Tawadar ce, Kawu," na ce a hankali.

"Tawadata lafiyarta ƙalau, mon petit, yarona. Kai dai ka koma wa littafinka."

Na ƙara duhu a kwamfuta, fuskar ta zama kamar laka, hular na nan a tokarta. Na je wurin wanda ya sayar mini da takardar in tambaye shi, na tarar da mutane cike, kunya ta kama ni, na gaishe shi na juyo. A motar haya da ake kira gbaka, a hanyar gida, na karance ɗan littafin firintar kaf, ban ga inda na kuskure ba.

Washegari da hantsi na jera duk waɗanda suka lalace a kan tebur ina kallo. Ɗaya ya fita daban. Hularsa baƙa ce, baƙi na gaske, kamar ka sa yatsa ya nutse. Na ɗauko shi. Ban canza komai ba lokacin da na buga shi, to me ya faru? Na juya shi, na juya sauran, na kai su bakin ƙofa. Sai na lura fuskokin takardar biyu ba ɗaya ba ne: ɗaya ta fi fari da ɗan kaɗan, kaɗan ɗin da ba za ka gani ba sai ka haɗa su. Na jiƙa yatsa na taɓa kusurwa, farar ta kama yatsan, ɗayar kuwa ta sulɓe. Ashe fuska ɗaya ce kawai aka shafa wa abin da ke riƙe tawada a sama. Ni kuwa a baya nake ta bugawa, takarda tana shanye baƙin. Wannan ɗayan kuskure ne ya sa shi daidai.

"Kawu! Kawu, zo ka gani!"

Bai taɓa jin na ɗaga murya ba. Ya taso da gudu, ya ɗauka wuta ce ta kama.

Na sa sabuwar takarda, farar fuskar tana kallon tawada. Na gaya wa firintar irin takardar, na zaɓi "papier mat", wato mara sheƙi, maimakon ta yau da kullum. Na janye duhun da na ƙara, na ɗan haska kumatun kaɗai, na bar hular da inuwar bayansa yadda suke. Firintar ta fara tafiyarta, layi bayan layi. Hular ta fito tukuna, baƙa wuluk. Sai goshi. Sai idanu. Sai ga tsagar, kowane layi a tsaye, a kan fatar da ke nan baƙa kamar ta mai ita.

"Eh Allah! C'est lui-même! Shi ne sak!" in ji Kawu, ya miƙo hannu.

"Kada ka taɓa, bai bushe ba!"

"Ji yaro! A shagona?"

Amma ya janye hannun.

Ban iya jiran yamma ba. Na sa hoton tsakanin kwali biyu, na rungume shi har Treichville, na tsaya bakin sito aka kira mini Baba. Ya goge hannunsa a wando, ya daɗe yana kallo, ya shafa kuncinsa. Abokan aikinsa suka kewaye mu, ana ta miƙa wuya.

"Wannan za ta gani," ya ce.

Bayan mai goro ya isa ƙauye da hoton, ya aiko a ce mu je rumfar waya ta bakin layinmu. Ya kai wa Kaka wayarsa har ɗaki. Baba ya kanga kunne, ni ma na matso har kanmu ya haɗu. Muryarta ta zo daga nesa, tana yankewa. Ta ce ta fita da shi tsakar gida, rana tsaka, bai yi mata walƙiya ba. Ta bi layukan da yatsa, ɗaya bayan ɗaya, duk suna nan.

"Kai ne, na gan ka," ta ce. "Amma wa ya ba ka izinin yin furfura ban sani ba?"

Baba ya fashe da dariya yana share ido, ya miƙo mini wayar.

"Ga wanda ya yi aikin, Inna. Sai dai ki yi haƙuri, ba ya magana."

Ranar kuwa na yi magana, har mai rumfar ya fara ƙwanƙwasa tebur wai mun daɗe a kan layi.