Yajin cin abincin da na yi saboda gonar baffana

Shekarun baya can, da na gama sakandare a Ƙanƙara, na koma ƙauyenmu na kusa da Ruwan Godiya da tsohuwar jaka da littattafai 'yan kaɗan. Malamin tarihinmu ne ya ba ni su. A Indiya ya yi karatu, littattafan kuwa tarihin mutanen da suka yi wa Turawan mulkin mallaka tsaye ne a can. Akwai saurayin da aka rataye bai kai talatin ba, akwai wanda ya fice daga ƙasar ya haɗa runduna, akwai kuma wani tsoho siriri mai sanda, wanda idan mutanensa suka kaure da faɗa sai ya daina cin abinci har su bari. Ni saurayin ne ya fi burge ni. Tsohon nan kuwa ina ganin ya cika sanyi.

Na tarar gida ba daɗi. Mahaifina da ƙaninsa sun daina magana a kan wata bishiyar ɗorawa da ke kan iyakar gonakinsu, kowa yana cewa kalwarta tasa ce. Mahaifina Musulmi ne, baffana Kirista, kakarmu da ta haife su kuwa a cikin Maguzanci ta tashi. Ba addini ya haɗa su ba, amma masu baki a gari sun fara jan maganar zuwa can, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan.

Ana cikin haka baffana ya faɗi da babur a hanyar dawowa daga kasuwar Sabuwa, ƙafa ta karye. Damina ta yi nisa, ciyawa ta fara shanye masa dawa, 'ya'yansa duk ƙanana. A wurinmu gayya ce maganin irin wannan, amma ba mai kiran gayya a gonar mutum alhali wansa yana raye bai buɗe baki ba. Kowa ya zuba wa mahaifina ido. Shi kuwa ya tara mu ya ce kada ya ga ƙafar ɗansa a gonar. Idan ciyawar nan ta ƙara mako biyu, gidan baffana ba su da abin kaiwa rumbu a shekarar.

Sai tsohon nan mai sanda ya faɗo mini a rai. Na yanke shawara ba zan ƙara cin abinci ba sai Baba ya kira gayya.

Inda na yi wauta shi ne ban gaya wa kowa dalili ba. Wa zai iya tsayawa gaban mahaifinsa ya ba shi sharaɗi? Da safe mahaifiyata ta miƙo koko, na ce ba zan sha ba. Ranar kuma ta faɗo Alhamis. Sai ta washe baki ta ce, "Azumin nafila? Kai, Allah shi yi maka albarka!" Kafin azahar maƙwabta sun ji cewa boko bai lalata ɗanta ba. Baba ya wuce ni a zaure ya ce, "Allah shi karɓa." Da magariba aka jere mini kunu da ƙosai har da dabino. Na ce na ƙoshi, na shige ɗaki ina jin ƙamshin ƙosan kamar in yi kuka. Shi tsohon Indiya jaridun duniya ke buga labarinsa, ni kuwa a garin da kowa ya saba da azumi na je yin yaji.

Randa ce ta tona mini asiri. Washegari da rana tsaka mahaifiyata ta kama ni ina kwankwaɗar ruwa da moɗa, domin littafin ya ce tsohon yana shan ruwa. Ta riƙe haɓa ta ce, "Wanga wane irin azumi ne?" Na gaya mata gaskiya, har da labarin tsohon nan. Sai ta yafa mayafi ta nufi ɗakin kakarmu.

Kakata ta sa aka kira ni. Da ma mijinta take ce mini, irin wasan kaka da jika. Ta ce, "To maigida, mi tsohon naka ya samu da ya ƙi cin tuwo?" Na ba ta labarin yadda masu addini biyu suka ajiye makamai don kada ya mutu a hannunsu. Sai ta ce, "Shi an ji kunyarshi ne don tsoho ne. Kai wa zai ji kunyarka, ɗan jiya? Bar mani aikin."

Da yamma aka kai mata akushin tuwo daga gidanmu kamar kullum, ta mayar da shi a rufe, ko malmala ɗaya ba ta taɓa ba. Duk wanda ya tashi a ƙauye ya san nauyin wannan, uwa ta dawo da tuwon ɗanta a gaban matansa da 'ya'yansa. Baba ya je ya durƙusa a ƙofarta ya ce, "Inna, lafiya?" Ta ce, "Lafiya lau. Ba ni cin dawar ɗa guda ina kallon ta ɗayan tana mutuwa cikin haki. Ni da mijina mun daina ci."

Baba ya juyo ya dube ni, na sunkuyar da kai ina jiran faɗa. Sai kawai ya juya. Ya shiga ya ɗauko hularsa ya bi gida-gida da kansa yana kiran gayya.

Da safe gonar baffana ta cika da mutane da fartanya, na masallaci da na coci, makaɗi yana zuga su. Ni kunya biyu kawai na nome sai jiri ya kwashe ni, aka ja ni gindin ɗorawar nan ana dariya. A nan aka shimfiɗa wa baffana tabarma, ƙafarsa ɗaure da karan ɗori. Baba ya nomo kunyarsa har ya iso daidai inda muke. Baffana ya ce, "Yaya, sannu da aiki." Baba bai ɗago ba, bai kuma tsayar da fartanya ba, ya ce, "Ya ƙafar?" Sai na ga baffana yana share ido da bakin riga.

Ranar a akushi ɗaya muka ci tuwo ni da kakata, tana yi mini tsiya wai mijin da yunwar kwana biyu ta kayar ba miji ba ne.

Har yau a ƙauyenmu Ɗan Indiya ake kirana, kuma ina amsawa da ƙarfi. Na karanta tarihin manyan mutane da yawa bayan nan, amma ban taɓa alfahari da karatu kamar na wannan damina ba. Kakata da Baba duk sun rasu. Ranar jana'izar Baba, baffana ne ya riga kowa zuwa maƙabarta da fartanyarsa, yana ɗingishi da ƙafar nan, ya ce shi zai fara haƙa wa wansa.