Nemesio, Wanda Farin Kogi Ya Tafi da Shi

Daga wurin Allah muka zo, wurinsa kuma za mu koma. A ranar Alhamis, sha uku ga watan Maris, da hantsi, Nemesio Sullca, mutumin Cachora, jagoran matafiya, ya rasu a mashigar Farin Kogi, bayan kufan Choquequirao, lokacin da dutse ya zaftaro da laka ya tafi da shi. Ya bar mahaifiyarsa Mama Bernardina, da matarsa Eulogia, da 'yarsa Yaneth. Har yanzu da nake wannan rubutu ba mu ga gawarsa ba.

Yaya Nemesio, ni ne Aquilino, mai alfadaranka. Tun ba mu yi aure ba nake bin bayanka a wannan hanya, kai a gaba da baƙi, ni a baya da tantuna da tukwane da buhunan dankali. An ce in faɗi wani abu a kanka tunda ni ne na ƙarshe da ya ga fuskarka. Na zauna in rubuta, sai na ga ban iya magana a kanka ba, da kai kawai na iya magana. To ka saurara, ko ina ruwan ya ajiye ka.

Lokacin da mahaifina ya rasu, abin da ya bar mini alfadari ne guda, tsoho, mai ido ɗaya. Babu jagoran da ya yarda ya ɗauke ni. A dandalin Cachora masu alfadarai suna zolayata, suna cewa in kai shi coci a yi masa addu'ar bankwana. Kai ka zo ka zagaya shi, ka buɗe bakinsa, ka ɗaga ƙafarsa, sannan ka ce ido ɗaya ya ishe shi, tunda a hanyar nan gefe ɗaya ne kawai ke da ramin da ake tsoro. Washegari na bi ka. Daga wannan alfadari na yi garke, na yi ɗaki, na yi mata. Ban taɓa jin ka tuna mini ba, ko a ranar da giyar masara ta sake maka baki.

Baƙi suna zuwa daga ƙasashen da ban san sunansu ba, da takalma masu tsada da sanduna masu sheƙi, kai kana gabansu da takalmin taya. Saukar rana ta farko zuwa kogin Apurimac ba ta cika karya su ba. Hawan da ke ɗaya ƙetaren ne ke sa manyan maza zama a kan dutse suna neman kuka. Kowa ya tambaye ka ko saura nisa, sai ka ce saura kaɗan. Shekara da shekaru kana wannan ƙarya, kuma da ita ka kai mutane inda ba su zaci ƙafarsu za ta kai su ba.

Na tuna wani ƙaton baƙo mai jan gemu da ya kwanta a tsakiyar hanya ya ce a bar shi nan. Ka tsuguna kusa da shi kana yi masa fifita da malafarka. Ka ce masa kakarka tana hawan wannan dutse da tulu a baya tana kaɗa zare. Ya buɗe ido ɗaya ya tambaya ina kakar take yanzu.

"A lanƙwasa ta gaba ta mutu," ka ce. "Tashi in nuna maka wurin."

Dariya ce ta tashe shi. Kafin mu kai Marampata jakarsa tana bayanka, a kan taka, shi kuma yana ta ba ka labarin 'ya'yansa.

Ba ka taɓa cin abinci a tantin baƙi ba sai ka leƙo ka ga an zuba mana. In mai dafuwa ya rage mana romo ba nama, sai ka ɗauko naka kwanon ka juye a tukunyarmu, ka zauna a kan sirdi muna ci tare. Wani lokaci har baƙin kake janyowa, ka zaunar da su a ƙasa, ka ce su gaishe da mutanen da suka ɗauko musu gado da bayan gida tun daga Cachora. Ka koya musu sunayenmu ɗaya bayan ɗaya. Kafin kai, mu "yaran kaya" ne ko da furfura a kanmu.

Idan muka isa kufan, sai surutunka ya ragu. Ka cire malafa, ka fitar da ganyen koka da muke taunawa a hanya ka hura wa duwatsu, ka ɗiga wa ƙasa abin da ke cikin gorarka kafin ka sha. Wata baƙuwa ta taɓa tambayarka ina mutanen da suka gina wurin suka tafi. Ka nuna mata ni ina ɗaure kaya, ka nuna mata mai dafuwa yana fere dankali, ka ce ga su nan, ba su je ko'ina ba. A gangaren da kakanni suka jera fararen duwatsu a jikin bango da siffar lama, dabbar nan tamu mai dogon wuya kamar ƙaramin raƙumi, kakan ce garken kakanka ne, kai ne makiyayinsu yanzu, kuma babu wadda ta taɓa ɓace maka.

Abin da ka yi wa gidana ba ya faɗuwa duka. Shekarar da Casilda matata take da cikin fari, tana wurin iyayenta a Marampata naƙuda ta zo mata ba daidai ba. Tsofaffin mata suka yi iyakar ƙoƙarinsu suka ce sai asibiti. Ba za ta iya zaman alfadari ba. Ni na tsaya a ƙofar ɗaki ina kallo kawai. Kai ka bar baƙinka a hannun mai dafuwa, ka ɗauko kujera ka ɗaure ta da igiyar kaya, ka zaunar da Casilda a kai, ka goya. Muka yi ta karɓa-karɓa a wannan gangare mai santsi, rabonka ya ninka nawa. Kana tafe kana yi mata tsiya, wai ta cinye dankalin garinsu duka shi ya sa ta yi nauyi, tana zaginka tana kuka tana dariya. Ba mu kai asibitin ba. A bakin gadar Apurimac ta haihu, a kan mayafinka, matar mai rumfar wurin ta karɓi haihuwar. Kai ka riƙe yarinyar ranar baftisma, kai ka fara yanka mata gashi. Yau ta isa aure, kuma tun ranar Alhamis ɗin nan ba ta ci abin kirki ba.

Tafiyar ƙarshe ba ta bambanta da sauran ba. Damina ta kusa ɗaukewa, mun kwana biyu ba ruwa, baƙinmu kaɗan ne kuma masu ƙarfi. Mun wuce kufan, mun gangara Farin Kogi da safe. Ka tsaya ka daɗe kana kallon saman kwazazzabon, inda gajimare ya rufe. Ruwan kogin ya ragu sosai, har duwatsun ƙasa sun fito. Ni na ji daɗi. Kai fuskarka ta canza, ka ce wani abu ya tare shi a sama, a haye yanzu, babu hutu, babu hoto. Ka ƙetarar da baƙi a kan gadar itace ɗaya bayan ɗaya, ka tura su sama tare da mai dafuwa, ka ce kada wanda ya waiwayo.

Alfadarai suna hayewa ta cikin ruwa. Duk sun haye sai ta ƙarshe, ta turje a tsakiya, ina jan ta, ta ja baya, ƙafata ta shige tsakanin duwatsu biyu ta maƙale har ƙauri. A lokacin ne muka ji ƙarar. Ba irin ta tsawa ba ce, ta ƙarƙashin ƙafa take zuwa.

Kana kan tudu, Yaya. Ka riga ka tsira. Na ɗaga maka hannu na ce ka tsaya inda kake. Ka sauko da gudu, ka shiga ruwan, ka sa kafaɗa ka ture dutsen, ka fizgo ƙafata ba takalmi.

"Kullum kai ne na baya," ka ce. "Hau."

Ka ɗaga ni ka cilla ni jikin gangaren, na kama saiwa. Na juyo na miƙo maka hannu. Na ga ka ɗago naka. Sai laka da itatuwa da duwatsu masu girman ɗaki suka wuce tsakaninmu, kuma da suka wuce babu kai, babu alfadarar, babu gadar, babu ma wurin da muka tsaya.

Na yi ta kiran sunanka har muryata ta mutu. Na sauka cikin lakar ina tono da hannu, mai dafuwa da baƙi biyu suka janye ni da ƙarfi, don dutsen bai gama zubowa ba. Washegari mutanen Cachora da Marampata da Yanama suka zo da shebur da diga da igiyoyi. Masu aikin ceto suka zo daga Cusco da karnuka. Mun bi kogin ƙasa har inda ya faɗa Apurimac, muna zura sanda a laka, muna ɗaga kowane reshe. Mun sami alfadarar. Mun sami murfin tukunya. Mun sami hannun rigarka ɗaya a jikin ƙaya, ja mai ratsin baƙi, saƙar Eulogia. Duk inda muka ga ungulu na shawagi sai mu ruga, zuciyata tana roƙon kai ne tana kuma roƙon ba kai ba ne. Masu ceton sun yi abin da za su iya. Ranar da shugabansu ya ce za su koma, ya riƙe hannuna ya ce lakar ta fi tsayin coci a wasu wuraren. Na durƙusa na roƙe shi ya ƙara mana ko yini guda. Ya ƙara. Ba mu samu komai ba.

Ni na kai wa Eulogia hannun rigar. Na tsaya a bakin ƙofa na kasa shiga. Ta karɓa, ta juya shi, ta duba ɗinkin, ta ce wannan ba hujja ba ce, mutum yana iya rasa hannun riga ya rayu. Ta ce wataƙila ruwa ya jefa ka wani lungu, ƙafarka ta karye, kana jiran mu. Ta tambaye ni me ya sa na dawo. Ba da faɗa ta tambaya ba, so take in koma in nemo ka. Na koma. Na sake komawa. Ƙafar da ka ciro ta kumbura har ba ta shiga takalmi, na ɗaure ta da tsumma na ci gaba. Yaneth ta bar karatunta a Cusco ta bi ni, tana gaba tana kiran "Baba" a cikin kwazazzabo, dutse yana maido mata.

Mama Bernardina ce ta tsayar da mu. Ta sa aka kira ni, na same ta zaune a rana tana ɓare masara da hannuwan nan nata da suka ƙanƙance. Ta ce an hana ɗanta kabari, ba za a hana shi wankin kaya ba, ransa yana yawo bai san an sallame shi ba. Na ce Mama, a ƙara mini lokaci.

"Ɗana ya ba ka ƙafa," ta ce. "Ba don ka kai wa kogi sauran jikin ba."

Ranar Asabar muka kai tufafinka rafi, dangi da maƙwabta, muka wanke, muka shanya a kan ciyawa. Eulogia ta riƙe mayafinka ta ƙi saki, sai da surukarta ta ɓamɓare yatsunta ɗaya bayan ɗaya. Da suka bushe muka shimfiɗa su a kan tebur da siffar mutum, wando da riga da mayafi, muka kunna kyandir, Fada, limamin cocinmu, ya yi addu'a. Mutane suna wucewa suna taɓa rigar suna yi mata bankwana. Da layi ya zo kaina na ɗora hannu, na ji katakon tebur a ƙarƙashi, sai na fita.

Ana ce mini in gode Allah da na rayu. Ina godewa. Amma ban san yadda zan yi da wannan rai ba, Yaya. Damina ta wuce, baƙi sun fara zuwa, wasu jagorori sun aiko suna neman alfadarai. Na ɗaura wa dabbobin sirdi na kwance. Hanya ɗaya ce, kuma ta kan wurin take bi. Ta yaya zan kora alfadari ya taka inda wataƙila kana ƙasa? In kuma ban bi ba, wa zai riƙa dubawa duk lokacin da ruwa ya ci gefen lakar?

Ina roƙon duk wanda wannan rubutu ya isa gare shi a garuruwan bakin Apurimac, masunta da masu gonakin gangare da masu tsaron gadoji: in kogi ya ajiye wani abu a gaɓarku, ko ƙashi ne, ko tsumma ja mai ratsin baƙi, kada ku ture shi ya wuce. Ku aiko Cachora, ku ce a gaya wa Aquilino mai alfadarai. Ko ina ne zan zo, in goyo shi in kawo shi gida.

Mama Bernardina, Allah ya ba ki haƙurin da ya fi wanda kika nuna mana. Yaya Eulogia, ba ni da kalmar da za ta ishe ki. Itacen girkinki da noman gonarki suna wuyana muddin ina numfashi, na kuma san ba su kika rasa ba. Yaneth, 'yata, ki koma karatunki, kawunki zai ci gaba da nema. Ina miƙa ta'aziyya ga dangin Sullca duka, da masu alfadarai da masu dafuwa da 'yan dakon wannan hanya, da baƙin da suka aiko da saƙo daga nesa suna kuka.

Ya Ubangiji, ka ji ƙan bawanka Nemesio. Ka gafarta masa kurakuransa, ka karɓe shi cikin haskenka, ka hutar da shi daga hawa da sauka. Kai ka san inda yake kwance, mu ba mu sani ba. Ka sassauta masa nauyin abin da ke kansa. In ka ga dama, ka sa kogin ya sake shi, mu wanke masa fuska, mu rufe shi da hannunmu kusa da mahaifinsa. Amin.